Makarantar Faɗuwa a Masussukar Baba

Sa ne ya buɗe makarantarmu, ko da yake ba haka aka rubuta a allon ƙofa ba.

Shekarar da na gama sakandare ce. Takarda ta fito, ba ta kai ni ko'ina ba, na zauna gida. Garinmu ƙarami ne, a gefen hanyar Daura zuwa Sandamu. Da safe gona, da yamma gindin darbejiya, in kaka ta yi kuma kokawa. Kokawar ce kaɗai abin da nake yi mutane su waiwayo su dube ni. Sunana Sada.

A shekarar aka turo mana sabon malamin dabbobi, Malam Sha'aban. Siriri ne, mai tabarau, maganarsa ƙasa-ƙasa. Ranar allurar shanu aka kira mu samari mu riƙe masa dabbobi. Ana cikin yi, wani jan sa na rugar gabas ya fizge igiya daga hannun mutum uku, ya sa goshi ya kwashi Malam ya watsar. Na riga na fara salati. Sai na ga mutum ya dunƙule a sama, ya sauka ta kafaɗa, ya mirgina, ya bugi ƙasa da hannu ɗaya, ji kake tim, ya miƙe tsaye. Sirinjin na nan a ɗaya hannun. Tabarau ne kawai ya karkace.

"Ku kamo mini shi," in ji shi. "Shi kaɗai ya rage."

Abokina Mahdi, ɗan acaba, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya matsa kusa.

"Malam, don girman Allah, layar nan a ina aka yi maka ita?"

"A Zariya. Shekara huɗu ana buga ni da ƙasa kullum da yamma."

"To ai wannan ba laya ba ce, zalunci ne."

"Judo sunansa."

Kafin magariba mu bakwai muka same shi a ƙofar gidan da yake haya. Ya ce zai koya mana, in mun samo fili. Fili kuwa ɗaya ne a garin da ba a nomawa kuma ba a yanka shi fuloti ba, masussukar babana, a bayan gidanmu.

Sai na faɗi wane ne babana. Ɗantsoho ake ce masa. Shekara goma sha ɗaya yana kokawa, daga nan zuwa Baure, zuwa Babban Mutum, har ƙetaren iyaka, ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. A kokawarmu, da hannunka ko gwiwarka ya taɓa ƙasa an ci ka, amma wannan ƙaramin kaye ne, kwana biyu an manta. Kai baya ƙasa shi ne abin da makaɗa ke sa wa waƙa, jikokinka su tashi su tarar da ita. Yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da Baba, awaki yake kaiwa kasuwar Mai'aduwa. Ba ya yabon mutum. Na yi kaka uku a fage ba a kayar da ni ba, abin da ya taɓa ce mini kawai shi ne, "Saura takwas."

Malam ya durƙusa ya gaishe shi a zaure, ya faɗi abin da ya kawo mu.

"Kokawar Turawa ce?" in ji Baba.

"Ta mutanen Japan ce, Baba. Kuma ba zan rufe ka ba, a cikinta faɗuwa ake fara koya. Wata uku ba a yin komai sai ita."

"Faɗuwa." Baba ya dube ni, ya dubi Malam. "Jikana ɗan wata goma ya iya ta, ba wanda ya koya masa."

"Ya iya, Baba. Shi ya sa kullum goshinsa a kumbure."

Baba ya yi dariya, abin da ba ya yawan yi. Ya murza gwiwarsa.

"Ga fili nan. Ƙaiƙayin gero ma ku kwasa. 'Ya'yan mutane su yi ta faɗuwa, su da iyayensu. Amma kai Sada, ranar da bayanka ya taɓa ƙasa a filina, ranar za ku kwashe kayanku. Malam, ka ji da kunnenka."

"Na ji, Baba."

Gaskiya daɗi ma na ji. Dama ban so faɗuwar ba.

Muka cika buhunan taki da ƙaiƙayi, arba'in da biyu, muka ɗinke bakinsu, muka jera, muka shimfiɗa tamfol a kai. Darasin farko Malam ya kwanta rigingine ya ce a duba. Haɓa a manne da ƙirji don kada ƙeya ta bugu. A bugi ƙasa da hannu gaba ɗayansa, daga kafaɗa zuwa tafi, kada a dafa ta. Ya ce in ka dafa, nauyinka duka a wuyan hannu zai sauka, shi kuwa ƙashi ne siriri.

Daga kwance aka koma tsugune, daga tsugune aka koma tsaye. Su shida suna ta tim, tim, ni ina zaune a kan turmi ina kallo. Rana ta huɗu Malam ya ce, "Sada, zaman ya isa haka. Muna bukatar jan sa mai watsar da mutum. Kai ne san namu."

Ya nuna mini yadda ake kayar da mutum ana riƙe da hannun rigarsa har ya sauka, a ɗan ja shi sama don kansa ya tsira. Wannan baƙon abu ne a wurina. Mu a fage in ka ɗaga mutum sakinsa kake yi, ƙasa ta ji da shi. Amma na iya da wuri. Tun daga ranar Mahdi ya sa mini suna Jan Sa, sunan kuma ya bi ni.

Gari ya samu abin dariya. Makarantar Faɗuwa, haka suka sa mana. Tsofaffin ƙofar masallaci su tare Mahdi.

"Ɗan makaranta, yau sau nawa?"

"Sittin, Baba."

"Madalla. Allah ya ƙara ilimi."

Mutum biyu suka daina zuwa saboda 'yan matansu sun ji labari. Muka koma biyar. Damina ta zo ta jiƙa buhu goma sha ɗaya, har gero ya tsiro ta cikin ɗinki. Muka shanya, muka ci gaba.

A wata na bakwai, wata ranar Lahadi, Mahdi yana dawowa daga Daura ba fasinja, akuya ta shiga gabansa daidai shigowa gari, a gaban masu shayi. Babur ya yi gabas, shi ya yi yamma. Waɗanda suka gani sun ce ya mirgina sau biyu a gefen kwalta, ya miƙe yana zagin akuyar. Wandonsa ya yage, gwiwar hannunsa ta ɗan goge. Shi ke nan. Akuyar ma ta tashi ta yi gaba. A wannan kwanar, shekara guda kafin nan, wani ɗan acaba ya yi irin wannan faɗuwar, har yau da sanda yake tafiya.

Ranar Talata muka tarar da babura goma sha huɗu a bayan gidanmu.

Bayan 'yan acaba sai magina, masu hawan tsani. Bayan su sai masu hawan kuka da giginya. Limamin gari ya aiko a tambaya, wai ya ga a waya 'yan wasan nan suna rusuna wa juna kamar masu ruku'u. Malam ya je da kansa ya ce mu sallama muke yi, mu yi musabaha. Liman ya ce to, ya turo 'ya'yansa biyu.

Ƙanwata Haulatu kuwa ashe wata da watanni tana leƙe ta katanga. Rannan na shiga gida na tarar ta jawo katifar Inna tsakar gida, tana nuna wa matan maƙwabta huɗu yadda ake manne haɓa.

"Ke kuma fa?"

"Yaya, ku babur ke kayar da ku, mu santsin bakin rijiya. Ƙasar ai ɗaya ce."

Malam ya ji labari, ya duba ta sau biyu a gaban Inna, ya gyara mata abu ɗaya, ya ce ta ci gaba. Ita ce kuma ta ɗinka mana riguna, akoko ninki biyu, don ba ya yagewa in an ja.

Kafin shekara uku maginan cikinmu sun kafa rumfar kwano, sun zagaye ta da bulo layi huɗu. Aka rubuta allo, Ƙungiyar Judo ta Masussuka, ba wanda ya taɓa kiran ta da wannan sunan. Mun kai mutum saba'in da uku, ban da matan Haulatu. Aka je gasa Katsina da mutum biyar, Mahdi ya zo na uku. Ni na ce ina da aikin gona. Kowa ya san dalili, ba wanda ya faɗa.

Baba bai taɓa leƙowa ba. Daga zaure yake jin tim, tim.

Ina son wurin. Ba na yawan faɗa, amma ina son sa. Da la'asar in na tsaya a tsakiyar tamfol, mutane a layi suna jiran in kayar da su, kowa ya amince zan riƙe hannun rigarsa, sai in ji ina da amfani. Sai dai akwai abin da ke zaune mini a ƙirji. Na kai mutum ƙasa sau dubbai. Daga sama kawai na san abin.

Da rani takardar Malam ta zo. An mayar da shi garin Babban Mutum, cikin sati shida. Ya kira ni bayan an tashi, muna naɗe tamfol.

"Zan riƙa zuwa sau ɗaya a wata. Sauran kwanakin sai an samu mai riƙewa."

"Ga Mahdi."

"Mahdi ya iya faɗuwa, amma in ya kayar da mutum surutu yake yi ya manta hannun riga. Kuma wuni yake a kan hanya. Kai ne ka san riƙo."

"To shi ke nan ai."

"Ba shi ke nan ba. Darasin farko ba ka da shi. Sabon ɗalibi ba ya faɗuwa sai ya ga malaminsa ya faɗi ya tashi lafiya. Kuma ni ba zan bar 'ya'yan mutane a hannun wanda bai san abin da suke ji ba."

"Ka ji abin da Baba ya ce."

"Da kunnena."

Muka gama naɗi. Lissafin ba wuya gare shi ba. In na faɗi, ba fili. In ban faɗi ba, ba malami. Ko ta ina makarantar ce za ta tafi.

Na ce wa Mahdi mu je ƙorama da hantsi, inda yashi yake da laushi, ba kowa sai shanu. Na ce ya kayar da ni. Ya tofa yawu a tafi.

"Shekara uku nake jiran wannan ranar, Jan Sa."

Sau uku yana ɗaga ni, sau uku jikina yana murɗewa a sama in dira da ƙafa. Ba ni nake yi ba. Tun ina ɗan shekara bakwai aka koya wa jikin nan abu ɗaya, ya kuma riƙe. A na huɗu Mahdi ya sa mini taɗiya da gaske, na tafi, na ga sama ta juyo, sai hannuna na dama ya miƙe da kansa ya dafa yashi. Na ji ƙas.

Na zauna riƙe da wuyan hannu. Mahdi ya tsuguna yana duba shi.

"Shekara uku kana gaya wa mutane kada su dafa. Ni ma a bakinka na fi jin ta."

"Rufe mini baki."

"To. Hau babur mu je wurin mai ɗori."

Targaɗe ne, ba karaya ba. Da rana muna cin abinci a zaure, ina fama da cokali, Baba ya kamo hannun ya juya shi.

"Igiyar sa ce ta fizge ni," na ce.

"Wannan hannun mai dafa ƙasa ne. Na ga irinsa ya fi ɗari. A ina?"

"Ƙorama."

"Bayan fa?"

"Bai kai ba."

Ya sake ni ya ci gaba da cin tuwonsa. Ban gane ko daɗi ya ji ko haushi ba.

Da hannun ya lafa, Malam ya ce shi zai riƙa zuwa ƙoramar. Ya ce kuskurenmu shi ne mun fara daga tsaye.

"Kwanta."

Na tsaya ina dubansa.

"Kwanta rigingine, Sada. Ba mai gani sai waɗancan shanun, su kuma na yi musu allura, ba sa magana."

Na kwanta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ƙato da ni, baya a ƙasa, a gaban namiji. Yashin da sanyi. Malam ya zauna gefena ya kama ba ni labarin ciwon huhun shanu, yadda ake gane shi, yadda yake yaɗuwa a mashaya. Ya yi kusan rabin awa. Sai da na manta a kwance nake, sannan ya ce, "To ɗaga kai, manne haɓa. Bugi ƙasa da hagu."

Sati uku muna yi. Kwance, tsugune, tsaye. Ranar da ya jefa ni ta kan kafaɗarsa na sauka na ji tim a kunnena, ba inda ya yi zafi, sai na kama dariya ni kaɗai. Malam ya gyara tabarau ya ce, "Wannan na ƙorama ne. Saura na gaban mutane."

Ranar Laraba na sami Baba yana ɗaure awaki.

"Baba, gobe bayan la'asar zan faɗi a masussuka. A gaban kowa. Malam zai tafi, in ban yi ba babu mai riƙe makarantar."

"Ka tuna abin da na ce?"

"Na tuna."

"To."

Ya ci gaba da ɗaurinsa. Na ce wa Mahdi ya nemo amalanke biyu su tsaya kusa, ko za a kwashe buhuna. Inda za a kai su ba mu sani ba.

Labari ya riga ya zaga. Ranar Alhamis rumfa ta cika, waje ya cika, kawunan mata a jere a kan katanga. Na sa rigar akoko na tsaya a tsakiya. Malam ya yi sallama, ya miƙo mini hannu. Sai mutane suka fara darewa ta baya. Baba ne, da sandarsa. Ya tsaya a bakin tamfol yana duban rumfar, karo na farko ke nan da ya gan ta ta ciki.

"Wa zai kayar da shi?"

"Ni ne, Baba," in ji Malam.

"Kai da sa ya watsar?"

Wurin ya ɗauki dariya. Baba bai yi ba. Ya miƙa wa Mahdi sandar, ya cire hula, ya cire riga, ya tuɓe takalmi.

"Matsa, Malam."

"Baba, gwiwarka."

"Tawa ce."

Ya hau tamfol. Ya taka sau biyu yana jin laushinsa, ya yamutsa fuska. Ba ruwansa da hannun riga. Ya sunkuya irin ta fage, ya sa hannu ɗaya a ƙeyata, ɗaya a damtsena. Tafinsa kamar busasshiyar fata. Rabon da mu kama juna tun ina ɗan shekara goma sha biyar.

Na yi niyyar in ɗan ja lokaci sannan in tafi da kaina. Ya sa goshinsa a nawa ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "In ka sakar mini jiki zan sani. Kuma ba zan yafe ba."

Sai na kafe.

Muka zaga. Yana numfashi da ƙarfi. Ina jin gwiwarsa ta hagu tana rawa duk lokacin da ya ɗora mata nauyi. Na san zan iya tsayawa haka har magariba, shi ba zai iya ba. Na fara tunanin yadda abin zai ƙare, tsoho ya gaji a gaban gari, ni ban faɗi ba, shi bai kayar ba. Wannan ya fi komai muni.

Ina wannan tunanin ya ja ni ta gefen gwiwar mai ciwo, kamar ta ba shi kunya zai durƙushe. Na bi shi da nauyina don in tare shi. Ashe abin da yake jira ke nan. Ƙafarsa ta dama ta shigo ta wani wuri da ban san ƙafa na shiga ba, ta harɗe tawa ta ciki, kafaɗarsa ta daki ƙirjina. Duk shekarun da ya yi yana koya mini kokawa bai taɓa nuna mini wannan ba.

Na tafi da gaske. Haɓa ta manne da kanta. Hannu ya bugi tamfol. Tim. Baba ya biyo ni ya faɗo a kan ƙirjina, na rungume shi don kada gwiwar ta bugu.

Ina kallon kwanon rumfa daga ƙasa, na ga wata ƙusa da ba a buga daidai ba, rana na shigowa ta ramin.

"Da zafi?" in ji Baba, bai ɗaga ba.

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Baba."

Ya mirgina gefe ya zauna, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Ya shafa tamfol da tafinsa.

"Da wannan taɗiyar na kayar da wani yaro a Baure," ya ce. Ba da ni kaɗai yake ba, ba kuma da taron yake ba. "Amadu sunansa. Ƙeyarsa ce ta fara sauka. Makaɗa suka yi ta kiɗa, aka ɗauke ni a kafaɗa. Shi kuma aka ɗauke shi a kan ƙyaure. Bai ƙara noma ba. Tun daga ranar ban sake yin ta ba, sai yau."

Ni ban taɓa jin wannan labarin ba. Daga baya Inna ta ce ita ma ba ta taɓa ji ba.

Malam ya tsuguna a gabansa.

"Baba, ga amalanke nan a waje. Mu kwashe?"

"Ku kwashe ku kai ina? Ni na kafa sharaɗin, ni na cire. Akwai mai magana?"

"Babu," in ji Mahdi. "Sai dai Baba, tunda ka hau tamfol, ka zama ɗalibi. Gobe daga kwance za ka fara."

"Ubanka ne zai fara daga kwance. Ba ni sandata."

Mutum biyu suka ɗaga shi. Ya sa rigarsa, ya sa hula, ya fita yana ɗingishi fiye da yadda ya shigo. Kwana huɗu bai je ko masallaci ba, Inna na gasa masa gwiwar tana mita.

Malam ya tafi ranar Asabar. Yanzu yana da tasa makarantar a Babban Mutum, mutum ashirin da wani abu, yawancinsu makiyaya. Mu mun haura ɗari, har daga Sandamu ake zuwa a babur, mun raba aji biyu. Duk sabon da ya zo, ni nake fara faɗuwa ya gani. Kakar da ta biyo baya na shiga fage, wani ɗan Zango ya kai ni ƙasa a karo na biyu. Na tashi na karkaɗe jiki, muka gaisa.

Baba yana zuwa ranar Alhamis. Ya zauna a kan benci a bakin rumfa, ya ce riƙon wannan ba kyau, tsayuwar wancan ta mai talla ce. Yara suna tsoronsa, suna kuma rige-rigen zama kusa da shi. Satin da ya wuce, bayan an watse, na zauna gefensa ina warware ɗamarata.

"Baba, taɗiyar nan. Ka nuna mini ita."

"Ai ka gan ta."

"Sau ɗaya. Kuma ina sama."

Ya juya yana kallon Mahdi da ke share tamfol yana waƙa.

"Wancan mai bakin, ya iya faɗuwa da gaske?"

"Ya fi kowa."

"To kira shi. A kansa za ka gwada. Kuma ka riƙe masa hannun riga."